Malama A'i Da Bencunan Da Muka Dasa A Siminti

Ƙarfe bakwai saura kwata take sauka daga kan acaɓa a ƙofar makaranta. Yanzu ba da sauri take sauka ba. Sai ta fara ajiye ƙafar dama, ta jira gwiwar ta amince, sannan ta sauke ta hagu. Ɗan acaɓan ya miƙo mata jakarta, wata tsohuwar gana-mas-go da aka ɗinke hannunta da igiyar buhu. Shagon waldar da nake aiki yana kallon ƙofar makarantar, don haka kullum a kan idona ake yi. Idan na gaishe ta takan ce, "Musaddiq, an tashi lafiya? Ya ƙarfe?" Sai ta wuce.

Sunanta Malama A'i. 'Yar asalin Zungur ce, amma shekara talatin da biyar ke nan tana koyarwa a cikin garin Bauchi. Ashirin da biyu daga ciki ta yi su ne a firamaren unguwarmu ta Fadaman Mada, kuma duk 'yan aji ɗaya take ɗauka, masu shigowa da majina da kukan neman uwa. Ƙarshen wannan watan za ta ajiye aiki. Ban ji an ce za a yi mata taro ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni sakandare na gama, ban samu ci gaba ba, na kama walda. Amma ɗan karatun da nake da shi a hannunta na fara, kuma ina da laifi a wurinta wanda zan zo kansa.

Kafin yara su iso ta riga ta share ɗakin da kanta. Sai ta shimfiɗa tabarmi a kusurwa huɗu, ta zazzage jakar. A kusurwa ta farko akwai marafan kwalaben lemo, kowane marfi da harafi ɗaya a cikinsa, yara su jera su haɗa kalma. A ta biyu akwai tsofaffin farantai cike da yashi, inda yaro zai rubuta da yatsa, ya goge, ya sake, ba wanda zai yi masa faɗan ɓata littafi. A ta uku akwai 'yan littattafan da ta ɗinka da zare daga kwalin taliya da na sabulu, hoto a sama, jimla ɗaya a ƙasa. Ta huɗu ita ce tata. Nan take zama a ƙasa, yara su kewaye ta, kowa ya karanta mata shi kaɗai.

Yaran sukan haura tamanin. Ta kasa su gida huɗu: 'yan Gyaɗa, 'yan Dawa, 'yan Wake, 'yan Riɗi. Babu rukunin masu ƙoƙari, babu na daƙiƙai, ko kuma in akwai, ita kaɗai ta sani, don duk wata sai ta sake cakuɗa su. Bayan minti ashirin takan buga cokali a jikin gwangwanin madara sau uku. Kowa ya mayar da kayan kusurwarsa yadda ya same su, ya tashi, ya koma kusurwar da ke hannun damansa. Sau biyu ake juyawa a rana. Kafin mako ya ƙare kowane yaro ya zauna a gabanta aƙalla sau biyu, ta ji muryarsa shi kaɗai.

Wanda bai sani ba zai ɗauka abin da sauƙi yake. Makonni ukun farko na kowace shekara ba ta koyar da harafi ko ɗaya. Tashi da zama take koyarwa. Yadda ake tattara marafai, yadda ake magana ƙasa-ƙasa, yadda za ka tambayi abokanka biyu kafin ka zo ka katse Malama. Su yi kuskure, ta ce a koma a sake. A cikin makonnin nan ne iyaye kan fara zuwa da littattafan 'ya'yansu a hannu, suna nuna mata fararen shafuka. A wurinmu malamin kirki shi ne wanda ake jiyo amon ajinsa daga bakin titi, yara suna maimaitawa da murya ɗaya, littafi kuma ya cika da kwafi. Ajin Malama A'i sai dai ka ji gunaguni kamar na ƙudan zuma. Kowace shekara sai ta sake yi wa sababbin iyaye bayani guda: yaro yana iya yin shekara yana buɗe baki tare da jama'a alhali bai san harafi ɗaya ba, kuma ba wanda zai gane.

Ni na san gaskiya ta faɗa, don ni ne irin yaron. Ba na magana, ba na rigima, ina motsa leɓe idan an motsa. A kan tabarmarta babu wurin ɓuya. Nan ta kama ni, ba ta dake ni ba, ta tura ni wurin yashi na yi wata biyu ina zana haruffa da yatsa.

Malama, ke ce kika zauna a ƙasa shekara da shekaru, alhali an ba ki kujera da tebur. Ke ce mai bin masu shaguna kina roƙon kwali, har suka sa miki suna Malama Kwali, kika amsa. Ke ce ba ki taɓa yarda hayaniya ta zama shaidar karatu ba.

Yanzu ga laifina.

A dogon hutun bara, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da kwamitin iyaye suka haɗu suka gyara ajinta. Niyyarsu mai kyau ce. Sun ce shekararta ta ƙarshe ce, a karrama ta. Aka sa sabon kwano, silin, fanka biyu, aka yi fenti. Aka ba maigidana aikin bencunan ƙarfe ashirin da huɗu, kowane da teburinsa a haɗe. To amma duk ɗan unguwar nan ya san ƙarshen bencin makaranta. Ana suna, a zo aro. Ana ɗaurin aure, a zo aro. Ana zaman makoki, ba ma a tambaya. Wasu su dawo da karyayyar ƙafa, wasu ka gan su bayan shekara a ƙofar gidan wani. Shugaban kwamitin iyaye, Alhaji Babayo, mai sayar da kayan gini, ya ce wannan karon an gama. Ya ce a dasa ƙafafun a ƙasa kafin a zuba daɓe.

Ni na yi wa kowace ƙafa waldar guntun rodi. Ni na riƙe igiyar awo aka jera su layi uku, takwas-takwas, duk suna kallon allo, daga bango zuwa bango. Na san kusurwoyin ɗakin nan. A ɗayarsu na fara rubuta sunana. Duk da haka na durƙusa a wurin na dasa ƙarfe, babu abin da ke kaina sai zafin rana da son a gama. Ita tana Zungur tana hutu. Ba wanda ya tambaye ta, wai so ake ta zo ta gani kawai.

Ranar da aka koma makaranta aka tara mutane aka miƙa mata makulli. Ta yi godiya, ta yi addu'a. Ta shiga, ta ajiye jaka, ta dafa benci na farko ta tura shi zuwa bango kamar yadda ta saba. Bai motsa ba. Ta sake turawa. Sannan ta duba ƙasa, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya wa ya yi aikin, aka nuno ni ina tsaye a bakin taga.

Ta ce, "Aiki ya yi, Musaddiq. Wannan ko mota aka ɗaura masa sai dai motar ta haƙura."

Mutane suka yi dariya, suna ganin yabo ne. Ni na koma shago.

Mako biyu ta yi tana gwadawa. Ta kasa bencunan gida huɗu, ta ce nan ne kusurwoyi. Marafai suka dinga gangarowa daga kan tebur, yashi ya cika ƙasa. Da ta buga gwangwani, yara tamanin da shida su cushe a 'yar hanya ɗaya, masu gaggawa su haura ta kan bencuna. Ita kanta babu inda za ta shimfiɗa tabarma sai gaban allo, ta ba rabin ajin baya. A mako na biyu wani yaro, Hammawa, ɗan wasu makiyaya da suka zauna a bayan unguwa, ya zame ya fasa haɓa a bakin ƙarfe. Ita ta kai shi aka yi masa ɗinki. Washegari ta shiga ofishin hedimasta, Malam Mudathir, ta ajiye masa makullin. Ta ce a ba Malama Eunice sabon ɗakin, tunda ita ke da ɗaya rabin 'yan aji ɗaya kuma a baranda take koyarwa. Ita kuma a buɗe mata tsohon sito na bayan makaranta, wanda ƙofarsa ta ɓalle har awakin unguwa suka mayar da shi nasu.

Kwana biyu aka yi ana kwashe karyayyun katakai da kashin awaki. Rana ta uku Alhaji Babayo ya zo, ya tsaya a ƙofar siton bai shiga ba. Jikarsa Salma tana cikin yaran.

Ya ce, "Malama, mun sa fanka, mun sa silin, ke kuma kin kwaso mana 'ya'ya kin kawo ɗakin awaki?"

Ta ce, "Awakin sun tashi, Alhaji. Na ba su notis tun shekaranjiya."

Ya ce, "Ba wasa na zo yi ba. Kin kunyata mu a idon unguwa."

Ta ce, "Na sani, kuma ku yi haƙuri. Ɗakinku ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Amma a can zan iya sa su maimaita, ba zan iya jin kowa ba. Shekara ɗaya ta rage mini. Ba zan ƙare ta ina ƙarya ba."

Maganar ta je gaban hedimasta. Malam Mudathir mutum ne mai gudun rigima, ya raba hukuncin biyu. Ya ce ta zauna a siton har ta yi ritaya, amma duk uban da ya ga dama ya mayar da ɗansa ajin Malama Eunice. Ya kuma ce ranar da ta tafi za a rufe siton, 'yan aji ɗaya duka su koma kan benci, a daina maganar kusurwa. Yara goma sha tara aka cire, har da Salma. Daga ranar kowa ya san abin da ya rage: aikin da ta yi shekara ashirin da biyu tana ginawa zai fita ta ƙofar makaranta tare da ita.

Ba zan ƙawata shekarar nan ba. Siton yana yoyo a wuri uku. A ƙarshen damina sai ta dinga matsar da kusurwoyi gwargwadon inda ruwa ke ɗiga, ta ajiye bokiti a tsakiya. Gara ta cinye mata littattafan kwali sau biyu, ta sake yanka wasu, ta sake zanawa, daga baya ta koma rataye su a jikin katakon rufi. Danshin ƙasan ya shiga gwiwoyinta, ya bar mata tari. Akwai ranar da na gan ta bayan an tashi, tana zaune a kan tabarmar ba ta iya miƙewa ba, tana jiran ƙafar ta saki. Na je na gyara mata ƙofar, ba ta sa ni ba. Ta ce Allah ya yi albarka. Ba ta tayar da zancen bencuna ba, ni ma ban iya ba.

A zango na biyu abin ya juya, kuma ba ta hanyar da na zata ba. Malama Eunice yarinya ce, bara ta fito daga kwalejin horar da malamai, tana da ƙwazo, ajinta ake ji daga shagonmu. Ita da bakinta ta ba ni labarin. Wata rana ta rubuta kalmomi goma a allo kamar kullum, yara suka karanta sarai. Sai kawai ta fara nunawa da sanda daga ƙasa zuwa sama. Yaran suka ci gaba da rerawa daga sama zuwa ƙasa, da ƙarfinsu, babu wanda ya kalli sandar. Da aka fita hutun tara ta nufi sito.

Ta tarar da Malama A'i tana tace yashi da rariya. Ta ce, "Mama, yarana ba sa karatu. Waƙa suke yi."

Malama A'i ta ce, "Sannu da zuwa. Ni sai da na yi shekara goma sha uku kafin na nuna daga ƙasa. Cire takalminki ki zauna."

Malama Eunice ta ce an koya musu wannan tsarin a kwaleji, amma a hoton littafin yara goma sha biyar ne, kowa da kujerarsa mai launi. Malama A'i ta ce ita ba ta taɓa ganin hoton ba, Allah ya taimake ta. Tun daga lokacin, duk sa'ar da Malama Eunice ta samu sarari sai ta zo ta zauna a kusurwar yashi. Ta koyi yadda ake zaɓar yaro mai kula da kaya a kowane rukuni, a canza shi duk mako don kada ya zama sarki. Ta koyi cewa ba a buɗe kusurwa huɗu a rana ɗaya, ana farawa da guda, sai ta zauna daram a ƙara wata. Ta koyi haɗa irin su Hammawa, da suka zo da Fulatanci kawai, da yaro mai surutun Hausa, a bar su da littafin hoto. Amma duk abin da ta koya, idan ta koma ajinta bencunan nan suna nan inda na dasa su.

Shi kuwa Alhaji Babayo a shagonsa ya gani. Wata maƙwabciyarsu, Christabel, sa'ar Salma, tana cikin waɗanda aka bari a sito. Ita da Salma sun biyo ta shagon bayan an tashi, Christabel ta tsaya tana haɗa rubutun jikin buhun siminti harafi-harafi har ta fitar da shi. Ya ce Salma ta gwada. Salma ta kalli buhun, ta fara rero masa kalmomin allo. Yaran shagonsa suka ce ya ba 'yan matan alewa ya sallame su. Bai je ya ba Malama A'i haƙuri ba, kuma bai mayar da Salma sito ba. Ban san dalili ba. Wataƙila nauyin baki ne.

Makon jiya kwamiti ya zauna, aka kira maigidana, ni ma na bi shi. Malama Eunice ta miƙe a gaban manya, ta ce ita ce za ta gaji 'yan aji ɗaya, kuma tana roƙon a yanke bencunan daga ƙasa. Alhaji Babayo ya ce in aka yanke, cikin wata guda za a gan su a gidan biki, kuma duk wanda ke wurin ya san bai yi ƙarya ba. Aka yi ta ja. Malama A'i tana gefe tana tari. A ƙarshe shi Alhajin ne ya ce a yanke takwas na baya, da sharaɗin a sa musu sarƙa da kwaɗo kullum in an tashi, makulli a hannun Malama Eunice. Sha shida za su zauna yadda suke. Filin da za a samu kusurwa biyu kawai zai ɗauka.

Ranar Asabar na ɗauki injin yanka na je. Ƙafa talatin da biyu na yanke. Malama A'i ta zo duk da ba ranar aiki ba ce, ta zauna a bakin ƙofa tana kallo. Da na kashe injin na ce mata ta yafe mini, da na buɗe baki tun farko da ba ta yi shekarar nan a danshi ba.

Ta ce, "Da ka buɗe baki da ba su ji ba. Ni ma ba su ji ni ba." Sai ta nuna guntayen rodin da suka rage a daɓen. "Goge waɗannan sosai. Rabin yaran ba takalmi suke zuwa."

Na tambaye ta ko kusurwa biyu za su isa. Ta ce ba za su isa ba, amma da guda ɗaya ta fara.

Malama, ba ki samu duk abin da kika nema ba. Huɗu kika riƙe, biyu za ki bari, su ma da sarƙa. Za ki koma Zungur da tari da ciwon gwiwa, babu lambar yabo, babu hotonki a bangon ofis. Amma a unguwar nan akwai telan da ke karanta awon da ya rubuta, akwai mai kyamis, akwai uwar da ke duba takardar asibitin ɗanta da kanta, akwai mai walda. Duk a gabanki muka fara buɗe baki mu kaɗai. Mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya hutar da ke, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma malaman ƙananan azuzuwa, tana nan har ƙarshen wata, a siton bayan makaranta. Ku je ku zauna a ƙasa ku gani, ba ta hana kowa. Wanda ba zai iya zuwa ba, gobe ya nuna allonsa daga ƙasa zuwa sama, ya saurari abin da zai ji. Iyaye, ku ba malami makonnin nan uku kafin ku zo da farin littafi a hannu. Masu son yi wa makaranta alheri kuma, Allah ya ƙara muku, amma ku nemi wadda ke kwana da tashi da ɗakin ku tambaye ta kafin a kwaɓa siminti. Ni na yi aikin sau biyu, na san wanne ya fi wuya.